Kwamfuta, tattalin arziki, kimiyya ko tarihi: wane fanni za ka zaɓa a ƙaramar kwalejin Amurka?

Wanda ya taso a tsarin JAMB ya saba da cewa tun daga fom ake zaɓar kwas, kuma da shi za a fita. A ƙananan kwalejojin Amurka masu koyar da ilimi mai faɗi, irin su Williams da Amherst a jihar Massachusetts, Swarthmore a Pennsylvania, Grinnell a Iowa, Carleton da Macalester a Minnesota, ba haka abin yake ba. Kwalejin ce ke ɗaukar ka, ba sashe ba. Za ka shafe kusan shekara biyu kana ɗanɗana darussa daban-daban, sai a zango na biyu na shekara ta biyu a nemi ka bayyana babban fanninka. Ɗalibai ba su da yawa, galibi tsakanin 1,500 da 2,500, kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, kuma farfesa ne da kansa ke shiga aji ya duba aikinka.

A yawancinsu ana neman darussa wajen 32 kafin a kammala, wato huɗu a kowane zango har zango takwas. Babban fanni yana cin tara zuwa goma sha biyu daga ciki. Sauran naka ne, in ban da 'yan sharuɗɗan da ke tilasta maka taɓa kimiyya, nazarin al'umma da adabi. Amherst da Grinnell ma kusan ba su da irin waɗannan sharuɗɗa, ban da darasi ɗaya na 'yan shekarar farko.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi da iyayensa su sani shi ne, babu digirin likitanci ko na lauya a waɗannan kwalejoji. A Amurka sai an gama digirin farko ake shiga makarantun likitanci da na lauya. Akasarin manyan cikin kwalejojin nan ba sa ba da digirin akanta ko na kasuwanci, injiniyanci kuma a ƙalilan ake samun sa. Saboda haka gardamar da aka fi yi tsakanin fannoni huɗu ce: kwamfuta da lissafi, tattalin arziki, kimiyyar halittu da sinadarai, sai tarihi da siyasa da danginsu.

Ma'aunan da za a auna su da su

Kuɗi. Kuɗin makaranta ɗaya ne ko me ka karanta, kuma a manyan kwalejojin nan ya haura dala 80,000 a shekara idan an haɗa ɗaki da abinci. Mafi yawan 'yan Afirka da ke can da tallafin kwalejin suke karatu. Tallafin nan galibi zango takwas ne, ba ya ƙaruwa. Don haka tsadar fanni ba a takardar biyan kuɗi take ba. Tana cikin yiwuwar ka buƙaci zango na tara, da kuma karatun da fannin zai tilasta maka yi bayan digiri.

Dorewa. Shin abin da ka koya zai yi maka aiki bayan shekara goma, a Amurka ko a gida?

Sauƙi. Ba ana nufin sauƙin jarrabawa ba. Ana nufin tsawon sarƙar darussan da ba a shiga ɗaya sai an wuce na gabansa, da kuma ko za ka sami gurbi a ajin.

Haɗari. A nan biza ke shigowa. Mai bizar ɗalibi ta F-1 yana da izinin aikin wata 12 bayan digiri, wanda ake kira OPT, kuma dole aikin ya danganci fanninsa. Idan fannin na cikin jerin kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi da gwamnati ta amince da su, wato STEM, ana iya ƙara masa wata 24, jimla 36, muddin kamfanin da ya ɗauke shi yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata. Abin da ake dubawa shi ne lambar fanni da ke rubuce a takardar I-20 da makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje don bizarsa, ba sunan da sashen ke kiran kansa ba. Wannan lamba ɗaya tana iya zama bambancin shekara ɗaya da shekara uku.

Kwamfuta da lissafi

Ta fuskar kuɗi wannan ne mafi arha. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyau ta isa, kuma digirin farko kaɗai yana iya kai mutum ga aiki. Kamfanonin fasaha suna biyan ɗalibai masu aikin horo na dogon hutu, abin da ke rage nauyin tikitin jirgi da kuɗin kashewa.

Sarƙarsa tana da tsari: darasin farko na rubuta manhaja, sai tsarin adana bayanai, sai lissafin da ake gina kwamfuta a kansa, sai dabarun warware matsala, sai tsarin na'ura. Kowanne yana jiran na gabansa. Wanda bai fara ba sai shekara ta biyu zai iya kammalawa, amma a matse, kuma zai je neman aikin horo bai kai darasin da ake yin tambayoyi a kansa ba.

Matsalar da ba a faɗa wa sababbin ɗalibai ita ce cunkoso. Sashen kwamfuta a ƙaramar kwaleji yana iya zama malamai shida ko takwas, masu son shiga kuma sun ninka kujeru. Wasu kwalejojin har ƙuri'a suke yi kafin a ba da gurbi a aji. Idan malamin da ke koyar da tsaron kwamfuta ya tafi hutun bincike na shekara, darasin ya tafi da shi. Kafin ka yanke shawara, buɗe jadawalin darussan shekara biyu da suka wuce ka ƙirga waɗanda aka koyar da gaske, kada ka dogara da jerin da ke cikin kundin makaranta. Inda kwaleji ke cikin haɗaka da makarantun da ke kusa da ita abin ya fi sauƙi: ɗan Amherst yana iya shiga bas ya ɗauki darasi a Jami'ar Massachusetts, ɗan Swarthmore ya je kwalejin Haverford ko ta Bryn Mawr.

Game da dorewa, harsunan rubuta manhaja suna tsufa da sauri, kasuwar masu fara aiki ma tana hawa da sauka. Lissafin da ke ƙarƙashi ne ba ya tsufa. Shi ya sa nake ganin wanda ya haɗa kwamfuta da ƙididdiga ko lissafi mai zurfi ya fi wanda ya tara darussan ƙera manhajar waya tsayuwa da ƙafarsa. 

Tattalin arziki

Wannan na cikin fannonin da suka fi cika a irin waɗannan kwalejoji, domin shi ne mafi kusa da kasuwanci. Kofi Annan, tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, tattalin arziki ya karanta a Macalester, ya gama a 1961. Sai dai wanda ya shiga da tunanin za a koya masa yadda ake juya jari zai sha mamaki. Bayan darasin gabatarwa, abin da ke biyo baya lissafi ne: nazarin halayyar mai saye da kamfani, nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, sai ƙididdigar tattalin arziki, inda za ka zauna gaban manhajar Stata ko R kana tace alƙaluma. Akasarin sassan suna neman ka wuce darasin farko na kalkulas, wani reshe na lissafi, tukuna.

Sarƙar gajera ce, ana iya farawa a shekara ta biyu ba tare da wahala ba. Abin da ba ya jira shi ne neman aiki. Bankunan zuba jari suna fara tantance waɗanda za su ɗauka aikin horo na ƙarshen shekara ta uku tun suna shekara ta biyu. Mai son wannan hanya ya je ofishin shawarar aiki tun zangon farko, ya nemi jerin tsofaffin ɗaliban da ke waɗannan wurare. Tsofaffin ɗaliban ƙananan kwalejoji suna amsa saƙon ƙannensu fiye da yadda za ka zata, kuma wannan na daga cikin abin da kuɗin makarantar ke saya.

Haɗarinsa yana cikin lamba. Tattalin arziki na gama-gari ba ya cikin jerin STEM, amma wanda aka yi wa rajista da lamba 45.0603, ta ƙididdigar tattalin arziki, yana ciki. Wasu kwalejoji sun mayar da fanninsu zuwa wannan lamba, wasu ba su yi ba. Tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje a rubuce, kada ka tsaya ga abin da wani ɗan shekara ta huɗu ya gaya maka a ɗakin cin abinci. Wanda kuma ke hangen digirin digirgir a wannan fanni ya sani cewa lissafi mai zurfi za a fi dubawa a takardar sakamakonsa, fiye da yawan darussan tattalin arzikin.

Kimiyyar halittu da sinadarai

A nan ne ƙaramar kwaleji ta fi nuna amfaninta, a nan ne kuma ɗalibanmu suka fi shiga matsala, don haka sai an ɗan tsaya.

Amfanin a fili yake. Babu ɗaliban digiri na biyu da za su tare gaban na'ura. Ɗan shekara ta biyu yana iya shiga ɗakin gwaje-gwajen farfesa, ya yi dogon hutu yana bincike ana biyan sa, wani lokaci har sunansa ya fito a mujallar kimiyya kafin ya gama. Wasiƙar shaidar da malamin da ya yi shekara biyu yana kallon aikin hannunka zai rubuta ba ta da tamka wajen neman digirin digirgir. A kimiyya kuma digirin digirgir na Amurka galibi ba a biyan kuɗin makaranta, alawus ma ake ba ɗalibi.

Nauyin ma a fili yake. Kowane darasi yana zuwa da zaman ɗakin gwaje-gwaje na awa uku zuwa huɗu a mako, yawanci daga ƙarfe ɗaya na rana, ga rahoton da za a rubuta bayansa. Mai darasin kimiyya biyu ya ba da yammaci biyu ke nan. Ɗalibi Musulmi ya lura da wannan ranar rajista: idan ya zaɓi rukunin Juma'a, zai tsinci kansa sanye da farar riga da tabarau gaban kwalaben gwaji a daidai lokacin huɗuba, har ƙarshen zango. Akwai rukunin Talata ko Laraba, amma da wuri suke cika. Aikin da biza ta yarda a yi cikin makaranta, wanda ba ya wuce awa 20 a mako, shi ma sai an nema masa wuri a cikin wannan jadawali.

Sarƙar sinadarai ce mafi tsawo cikin duka huɗun. Sinadarai na gama-gari a shekarar farko, sinadaran halitta a ta biyu, na gaba kuma yana neman kalkulas da fiziks. Wanda bai fara a zangon farko ba, ya riga ya makara da shekara guda. Idan darasi ya yi maka nauyi kana son ajiye shi, kada ka taɓa sai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin sauka ƙasa da cikakken adadin darussa ba da izini ba yana taɓa bizarka. Sannan shirin binciken dogon hutu da hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ke ɗaukar nauyi galibi na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Kai da kuɗin kwalejinka za ka dogara, don haka ka tambayi nawa ne guraben da suke da su.

Yanzu batun likitanci. Da yawa suna zaɓar kimiyyar halittu ne don an ce musu a gida su dawo da sunan likita. Makarantun likitanci na Amurka ba sa neman wani fanni na musamman. Darussa suke nema, wato halittu, sinadarai iri biyu da fiziks, kusan shekara guda kowanne, da jarrabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT. Ɗan tarihi ma yana iya cika su. Katangar tana wani wuri: kaɗan ne daga makarantun ke karɓar baƙi, baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, wasu kuma sai ya nuna kuɗin shekarun karatun tun kafin ya fara. Hanya ce ta shekara huɗu a kan huɗu kafin horon asibiti, alhali a Kano ko Zariya shekara shida ce kai tsaye. Wanda likitanci ne kaɗai burinsa, ba shi da takardar zama kuma ba shi da mai ɗaukar nauyi, ya kamata a gaya masa gaskiya tun kafin ya hau jirgi. Digirin farko na halittu shi kaɗai aikin mataimaki a ɗakin bincike yake samarwa, mai kyau a matsayin tsani, amma albashinsa ba yawa.

Tarihi, siyasa da danginsu

Waɗannan ne ake yi wa kallon raini a gida, kuma rainin bai dace ba. Aji ne na mutum goma sha biyu ko sha biyar kewaye da teburi, babu inda za ka ɓuya idan ba ka yi karatun ba. Shafi ɗari ko fiye a mako ga darasi ɗaya ba abin mamaki ba ne, ga takardar shafi ashirin a ƙarshen zango. A Williams akwai darussan da ɗalibi biyu ne kawai da farfesa: wannan makon kai ka rubuta abokinka ya soke ka, mako mai zuwa ku juya. Wanda ya fito daga wannan horo ya iya karanta dogon rahoto ya fito da ƙashin bayansa, ya iya kare ra'ayi a rubuce. Wannan ba ya tsufa.

Bahaushe yana da wata riba a nan da abokan ajinsa ba su da ita. Mai Larabcin makarantar allo da ilimi, mai iya karanta ajami, yana iya rubuta kundin kammalawa daga tushe na asali. Ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern yana riƙe da tarin rubuce-rubucen Malam Umaru Falke na Kano, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma kwalejoji da dama suna ba da kuɗin tafiyar bincike a dogon hutu.

Sarƙa kusan babu, ana iya shiga a makare. Tsadar tana zuwa daga baya. OPT wata 12 ne kawai, kuma ba a yarda ka wuce kwana 90 babu aiki a cikinsa ba. Ayyukan gwamnatin Amurka da yawa na 'yan ƙasa ne, ƙungiyoyin sa-kai kuma ba kasafai suke ɗaukar nauyin bizar aiki ba. Digiri na biyu a harkokin ƙasa da ƙasa ko manufofin gwamnati yawanci da kuɗi ake yi. Mai niyyar zama lauya a Najeriya ya tuna cewa digirin siyasa ba zai shigar da shi Makarantar Lauyoyi ba, sai da digirin shari'a.

| Fanni | Kuɗin da ke biyo baya | Dorewa | Tsawon sarƙa | Izinin aiki |
|---|---|---|---|---|
| Kwamfuta da lissafi | Kaɗan | Lissafin yana dorewa, kayan aikin na canzawa | Matsakaici, ga cunkoso | Har wata 36 |
| Tattalin arziki | Matsakaici | Mai kyau | Gajere | Wata 12 ko 36, ya danganta da lamba |
| Halittu da sinadarai | Mai yawa a likitanci, kaɗan a bincike | Mai kyau idan an ci gaba | Dogo | Har wata 36 |
| Tarihi da siyasa | Sau da yawa mai yawa | Mai kyau ƙwarai | Gajere | Wata 12 |

Fanni biyu, da injiniyanci

Ana iya haɗa babban fanni biyu. Patrick Awuah, wanda ya kafa Jami'ar Ashesi a Gana a 2002, injiniyanci da tattalin arziki ya haɗa a Swarthmore. Amma yi lissafi: goma da goma ashirin ne daga cikin 32, ga sharuɗɗan kwaleji, wasu wuraren ga kundin kammalawa biyu. Haɗin da ke tafiya shi ne wanda ɗaya ke da doguwar sarƙa ɗaya gajera, ko wanda darussansu ke shiga juna, kamar lissafi da tattalin arziki. Sinadarai da kwamfuta a tare kuwa taura biyu ce. A sani kuma, babban fanni na biyu yana iya ba da ƙarin wata 24 idan yana cikin jerin STEM kuma aikin ya dangance shi, ƙaramin fanni, wato 'yan darussan da ake ƙarawa a gefen babban fanni, ba ya bayarwa.

Injiniyanci akwai shi a kwalejojin Swarthmore, Smith da Harvey Mudd. Sauran da dama suna da yarjejeniyar shekara uku a kwaleji, biyu a wata jami'a irin Columbia ko Jami'ar Washington da ke St. Louis, a fita da digiri biyu. Shekara biyar ce, kuma tallafin kwalejinka ba lallai ya bi ka can ba. Ka ga alƙawarin kuɗin a rubuce kafin ka gina shirinka a kai.

Wa ya dace da wanne

Idan kana buƙatar fara samun kuɗi da zarar ka gama, domin akwai ƙanne da ke jiran kuɗin makaranta, kwamfuta ko tattalin arziki mai lambar ƙididdiga ne suka fi kusa, da sharaɗin ka sami maki mai kyau a darussa biyu na farko ba da jan ciki ba. Idan darasin tsarin adana bayanai ya zame maka azaba duk da zuwa ofishin malami kowane mako, na gaba ba zai fi shi sauƙi ba, gara ka juya tun akwai lokaci.

Mai son bincike da koyarwa a jami'a ya ɗauki sinadarai, halittu, fiziks ko lissafi, ya fara tun zangon farko, ya ƙwanƙwasa ƙofar farfesa kafin ƙarshen shekarar farko ya nemi gurbi a ɗakin bincikensa.

Mai niyyar komawa gida ya yi aikin gwamnati, jarida, ƙungiyoyin raya ƙasa ko siyasa, batun wata 36 bai dame shi sosai ba. Tarihi ko siyasa sun dace da shi, amma ya ƙara darasin ƙididdiga biyu da harshe ɗaya, Faransanci ko Larabci, har matakin da zai iya aiki da shi. Ɗan Najeriya ya kuma sa shekarar hidimar ƙasa a lissafinsa, domin tana kan wanda ya gama digiri a waje kafin ya cika shekara 30.

Wanda har yanzu bai san inda ya dosa ba, ya tsara zangon farko ta yadda ba zai rufe doguwar sarƙa ba: kalkulas, darasin kimiyya ko na kwamfuta guda, darasin rubutu guda, na huɗu kuma wani abin da bai taɓa karantawa ba. Daga sinadarai ana iya komawa tarihi a shekara ta biyu cikin sauƙi, daga tarihi zuwa sinadarai kuwa sau da yawa sai da zango na tara, wanda tallafi ba ya biya.